Darasi na Takwas: Janairu a Garuruwa Masu Zafi, da Yadda Ake Karanta Hasashen Yanayi

Ga wata tambaya da za mu buɗe darasin yau da ita. Mutum zai yi tafiya a watan Janairu zuwa wani gari mai zafi da bai taɓa zuwa ba. Me zai sa a jaka, laima ko rigar sanyi? Kada ku yi saurin amsawa. Sunan watan kawai bai isa ba, sai an san a wane ɓangaren duniya garin yake.

Duniya kamar ƙwallo take. Masana sun ƙaddara wani layi da ya zagaye cikinta kamar ɗamara, ya raba ta gida biyu, arewa da kudu. Sunansa Ikwaita. Daga wannan layi a yi arewa digiri 23 da rabi, a yi kudu digiri 23 da rabi, tsakanin nan shi ne yankin zafi. Digiri a nan ma'aunin nisa ne daga layin, ba na zafi ba. A nan ne kawai rana take iya tsayawa daidai tsakar ka, har mutum ya taka inuwarsa. Dare da yini kusan kai ɗaya suke, awa 12 kowanne ko kusa da haka, duk shekara.

To, amma duniya ba a miƙe take tsaye ba, a karkace take zagaya rana. Wajen 21 ko 22 ga Disamba rana tana kai ƙarshen tafiyarta ta kudu, kuma a Janairu tana can ba ta yi nisa da dawowa ba. Inda rana ta fi duka, can iska mai ɗumi take tashi sama da tururin teku, ta yi sanyi, ta zama girgije, hadari ya haɗo. Shi ya sa damina take bin rana a baya kamar ɗan maraƙi da uwarsa. Idan rana ta yi kudu, ruwa ya bi ta. Idan kuna da tocila da ƙwallo a aji, ku karkata ƙwallon kaɗan ku haska, za ku ga ɓangare ɗaya ya fi shan haske.

Akwai wani abu da mutane da yawa suke ɗauka, wai sanyin farkon shekara a ƙasashen arewa saboda duniya ta yi nesa da rana ne. Ba haka ba ne. A kwanakin farko na Janairu ne ma duniya ta fi kusa da rana, kimanin kilomita miliyan 147, alhali a farkon Yuli tana kai miliyan 152. Karkatar nan ce take kawo sauyin lokuta.

Gari uku, wata ɗaya

Mu ɗauki Bankok, babban birnin Tailan, wanda yake arewa da Ikwaita. Janairu rani ne a can. Sama garau, ruwan da ake samu a watan gaba ɗaya yawanci ba ya kai milimita 30. Da rana zafi yakan kai digiri 32, da asuba ya sauka zuwa wajen 22, kuma mutanen garin wannan suke kira lokacin sanyi. A Mumbai ta Indiya ma haka abin yake, watan yakan wuce ko ɗigo ba a gani ba.

Sai Darwin, a arewacin Ostiraliya, kudu da Ikwaita. Da rana zafinsa shi ma wajen digiri 32 ne, daidai da na Bankok. Amma Janairu tsakiyar damina ce, ruwan watan yakan wuce milimita 400. Ku dubi wannan da kyau: ma'aunin zafi ya ba da lamba ɗaya a garuruwa biyu, amma ɗaya yana shanya a waje hankali kwance, ɗaya kuwa tufafi suna kwana biyu a igiya ba su bushe ba, takalmin fata yana yin fumfuna a ƙarƙashin gado.

Na uku Singafo, wanda yake dab da layin. Shi ba ya da rani na sosai, ana ruwa kowane wata. A Janairu yakan samu fiye da milimita 200. Zafinsa kuwa kusan ba ya motsi: bambancin watan da ya fi zafi da wanda ya fi sanyi wajen digiri 2 ne kawai, alhali tsakanin azahar da asuba a yini ɗaya ana samun wajen digiri 6. Wato a irin wannan gari, sanyin dare ya fi sanyin kowane wata.

Abin da nake so ya zauna muku ke nan: a yankin zafi, ruwa ne yake raba lokutan shekara. Zafi yana nan kullum, ba shi ne labari ba.

Akwai garuruwan da suka saɓa wa wannan ƙa'ida, kuma ya kamata ku san dalili. Kito, babban birnin Ikwado, yana kusan kan Ikwaita, amma yana bisa tsauni, mita 2,850 sama da teku. Duk mita 1,000 da aka hau, zafi yana raguwa da kimanin digiri 6 da rabi, don haka mutanen Kito da rigar sanyi suke kwana. Lima ta Peru kuma nisanta da Ikwaita ɗaya da na Darwin, digiri 12 kudu, amma kusan ba a ruwa a can, saboda wani ruwan teku mai sanyi da yake bi ta gaɓarsu yana hana hadari haɗuwa. Saboda haka bayan an tambayi arewa ko kudu, sai a tambayi tudu ne ko gangare, bakin teku ne ko cikin ƙasa.

Lambobin da ke cikin hasashe

Yanzu ga amfanin karatun da kuke ta faman koya. Hasashen yanayi yana zuwa a rediyo, a talabijin, a waya. Da can sai dai a karanta muku. Yanzu ku za ku karanta da kanku, kuma lambobin ba su da yawa.

Za ku ga lambobi biyu a jere, misali 32° da 25°. Ɗan da'irar nan da ke saman lamba ana karanta shi "digiri". Babbar lamba ita ce ƙololuwar zafin yini, wanda yakan zo bayan azahar, ba da tsakar rana daidai ba. Ƙaramar ita ce mafi sanyi, gab da fitowar rana. Ni dai ƙaramar nake fara dubawa, domin ita ce take gaya wa mutum ko zai samu barci. Daren da bai sauka ƙasa da 25 ba, jiki ba ya hucewa, gobe kuma a tashi da gajiya.

Sai laima, wato yawan tururin ruwa da ke cikin iska. Ana rubuta ta da alamar %, a karanta "kashi kaza cikin ɗari". Jikin ɗan Adam da gumi yake sanyaya kansa: gumi ya fito, iska ta busar da shi, zafi ya tafi tare da shi. Idan laima ta kai kashi 80, iska ta riga ta ƙoshi da ruwa, ba ta karɓar naka. Sai gumi ya yi ta kwarara, riga ta manne a baya, ba wani sauƙi. Shi ya sa digiri 32 mai laima ya fi digiri 35 busasshe wahala. Leburori da masu aikin gini da manoma su kula da wannan lamba fiye da kowa. Aiki mai nauyi a yi shi da sassafe. A sha ruwa tun ba a ji ƙishi ba, a duba launin fitsari, idan ya yi duhu jiki yana neman ruwa. Idan abokin aiki ya fara jiri, ko magana ta rikice masa, ko ya faɗi, ba hutu kawai yake bukata ba. A kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa da ruwa, a yi masa fifita, a nemi asibiti nan take.

Akwai wata alamar % kuma kusa da hoton girgije. Wannan yiwuwar saukar ruwa ce. Idan an rubuta 70%, ba ana nufin za a yi ruwa kashi 70 na yinin ba. Ma'anarsa, a cikin kwana goma masu irin wannan yanayi, bakwai ana samun ruwa. Ukun da suka rage ba a samu, don haka idan ruwa bai zo ba, mai hasashe bai yi ƙarya ba.

Lambar da na fi so mu daɗe a kanta ita ce milimita, ana taƙaita ta da mm. Milimita ɗaya ƙarama ce ƙwarai, kamar kaurin farce. Ku duba rula, ƙananan zanen nan su ne. Mutum zai ce, to mene ne abin damuwa a ruwan milimita 20? Ga lissafin. Milimita 1 na ruwan sama daidai yake da lita 1 a kan fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1. A ce rufin ɗaki yana da tsawon mita 10, faɗi mita 5. Goma sau biyar, 50. Idan aka yi ruwan milimita 20, sai a ce 50 sau 20, lita 1,000 ke nan, cikin durom biyar masu lita 200, daga rufi ɗaya tak. Ku tuna duk rufin unguwa haka yake zubarwa, kuma duk wannan ruwa hanya yake nema.

A daren shiga shekarar 2020 an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a Jakarta, babban birnin Indunisiya. A wata tashar awo an samu milimita 377 cikin yini ɗaya. Gari ya waye cikin ambaliya, mutane fiye da 60 suka rasu. A Janairun 2011 kuma, a tsaunukan da ke bayan Riyo a Burazil, ruwa ya jiƙa ƙasa har ta zaftare kan gidaje cikin dare, fiye da mutum 900 suka mutu. Ba don in tsorata ku na kawo waɗannan ba. So nake idan kun ji an ce ana sa ran milimita 100 a yini ɗaya, ku san magana ce babba, ku tashi tsaye.

Idan farkon shekara damina ce

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Kwata da magudanar ruwa a yashe su kafin ruwa ya sauka. A duba kwanon rufi, a ƙara ƙusa inda ya saki. Takardu masu muhimmanci, na haihuwa, na fili, na asibiti, a sa su a leda a ɗora a sama. Ruwa mai gudu kada a raina shi: wanda ya kai santimita 15, wato ya ɗan wuce idon sawu, yana iya kayar da babban mutum, na santimita 30 kuwa yana iya ɗaga ƙaramar mota.

Tsawa ma tana da lissafi. Idan kun ga walƙiya, ku fara ƙirga daƙiƙa har ku ji ƙara. Kowace daƙiƙa 3 kilomita 1 ce. Amma muddin kunne yana jin tsawa, aradu tana iya kaiwa inda kuke. A shiga gini, kada a fake a gindin bishiya, a jira minti 30 bayan ƙara ta ƙarshe.

Bayan ruwa sai sauro. Daga ƙwai zuwa sauro mai cizo kwana 7 zuwa 10 ne kawai, kuma ruwan da ya kwanta a tsohuwar taya ko gwangwani ya ishe shi. Sau ɗaya a mako a zagaya gida a kife duk abin da ya tara ruwa, a rufe durom, a kwana cikin gidan sauro. Sauron da ke kawo zazzaɓin denge da rana yake cizo, don haka gidan sauro shi kaɗai bai wadatar ba.

Mazauna bakin teku a kudu da Ikwaita suna da ƙarin abin lura, domin daga Nuwamba zuwa Afrilu ne lokacin mahaukaciyar guguwa. Wadda aka sa wa suna Tiresi ta rushe mafi yawan gidajen Darwin a ranar 25 ga Disamba 1974. Firedi kuma, a Fabrairu da Maris na 2023, ta yi fiye da wata guda tana yawo a tekun Indiya, ta afka wa Madagaska da Mozambik da Malawi. Irin wannan guguwa ana ganin tahowarta kwanaki kafin ta iso. Idan hukuma ta ce a tashi, a tashi.

Idan kuma rani ne

Wannan ya fi sauƙin bayani. A yi tattalin ruwa, a kula da wuta, domin ciyawa da itace sun bushe, gobara ba ta da wuyar tashi. Ƙura da hayaƙi suna tsayawa a iska idan ba ruwan da zai wanke su, masu asma da tsofaffi su rufe hanci. Jarirai a lulluɓe su da asuba. Kuma sanyin safiya kada ya ruɗe ku, ranar yankin zafi tana ƙona fata ko a watan da ya fi sanyi.

Aikin gida

Ku nemi gwangwani wanda bakinsa da gindinsa faɗi ɗaya ne. Ku ajiye shi a fili, nesa da bishiya da bakin rufi, ku tokare shi da duwatsu don kada iska ta kayar. Kowace safiya a lokaci ɗaya ku tsoma busasshen tsinke a ciki, ku auna wurin da ya jiƙe da rula, ku rubuta kwanan wata da yawan milimita, sannan ku zubar. Ranar da ba a yi ruwa ba ku rubuta 0, ita ma lamba ce. A gefe ku rubuta abin da hasashe ya faɗa jiya.

Sannan ku amsa waɗannan a littafinku. Me ya sa ake damina a Darwin alhali ana rani a Bankok a wata ɗaya? Wani gari yana kudu da Ikwaita, a bakin teku, hasashensa na gobe 31°, 25°, laima 85%, ruwa 90 mm: rubuta abu uku da za ka yi yau kafin magariba. Na ƙarshe, rufin nan namu mai mita 10 da mita 5, lita nawa zai zubar da a ce ruwan Jakarta na milimita 377 ne ya sauka a kansa, kuma durom nawa zai cika? Ku zo da amsar mako mai zuwa, za mu yi lissafin tare a allo.