Kurakuran da aka fi yi wajen saita telekomand mai aiki da kowace na'ura

A gidaje da yawa na Yamai, wanda ya duba teburin falo zai tarar da telekomand uku ko huɗu a jere: ta tele, ta dekoda, ta na'urar sauti, wani lokaci har da ta tsohuwar DVD da aka daɗe ba a kunna ba. Da zarar ɗaya ta ɓata ko yara sun yar da ita ta fashe, sai maigida ya nufi Babbar Kasuwa ko Katako ya sayo irin wadda ake cewa tana aiki da kowace na'ura. Idan ya dawo ya danna, tele ba ta motsa ba, nan take yake yanke hukuncin cewa jabu aka sayar masa, alhali sau da yawa telekomand ɗin lafiyarta ƙalau, saitin ne ba a yi shi daidai ba.

Telekomand tana aika wa na'ura umarni ne da wani haske da idon mutum ba ya gani, wanda ake kira infared, yana fitowa daga ɗan ƙwan da ke goshinta yana ƙiftawa kusan sau dubu 38 a daƙiƙa guda. Kamfanoni ba su bi tsari ɗaya ba wajen shirya wannan ƙiftawa: Philips yana da nasa mai suna RC-5, Sony yana da nasa, wasu da yawa kuma sun ɗauki na NEC. Sabuwar telekomand tana ɗauke da tsare-tsare masu tarin yawa a cikinta, kuma lambar da ake shigarwa, mai alƙalami uku ko huɗu ko biyar, ita ce take gaya mata wanne za ta yi amfani da shi.

Kuskuren da ake fara yi tun kafin a taɓa maɓalli shi ne na pil. Mutum ya kan zaro tsofaffi daga rediyo ko tocila ya saka, ko ya haɗa sabuwa da tsohuwa, ɗan jan hasken telekomand ya kama, sai ya ɗauka ƙarfi ya isa, alhali umarnin ba ya kai wa na'ura yadda ya kamata. A saka sababbi biyu iri ɗaya, sannan a gwada da kyamarar wayar salula: a nuna mata goshin telekomand a danna kowane maɓalli, idan tana aiki za a ga ɗan haske mai launin shunayya yana ƙiftawa a allon waya. Kyamarar baya ta wasu wayoyi tana tace wannan haske, saboda haka idan ba a ga komai ba a sake gwadawa da ta gaba.

Wasu kuma suna shigar da lamba ba tare da sun zaɓi jinsin na'ura ba. Maɓallan TV da SAT (na dekoda) da DVD da AUX (na sauran na'urori) kowannensu yana da jerin lambobinsa a takardar da ke cikin kwali, don haka lambar tele ba za ta yi amfani a ƙarƙashin SAT ba ko da kamfanin ɗaya ne. Dole ne kuma na'urar ta kasance a kunne, a riƙe maɓallin SET har jan hasken ya tsaya cak, a shigar da lamba ba tare da jinkiri ba, domin bayan ƴan daƙiƙoƙi telekomand takan fita daga saiti da kanta.

Babban kuskure a ganina, wanda ya fi kowanne ɓata wa mutane rai daga baya, shi ne amincewa da lambar farko da ta kashe tele. Kamfani ɗaya yakan sami lambobi biyar ko goma a takarda, kuma da yawa daga cikinsu suna iya kunnawa da kashewa, amma ba kowace ba ce take buɗe menu ko take sauya mashigar hoto daga eriya zuwa HDMI, wato wayar da ke haɗa tele da dekoda. Sai ranar da ake son komawa daga Télé Sahel zuwa dekodar Canal+ domin kallon ƙwallo, baƙi sun cika falo, sannan ake gane cewa maɓallin da ake buƙata ba ya amsawa. Kafin a ajiye takarda, a gwada ƙarin murya da raginta, da sauya tasha, da alƙaluma daga sifili zuwa tara, da menu da kibiyoyinsa huɗu, da maɓallin mashiga. Idan ɗaya ya ƙi, a wuce zuwa lamba ta gaba, ko da ana ganin an kusa.

Haka gaggawa take ɓata binciken da telekomand take yi da kanta, inda take gwada lambobi ɗaya bayan ɗaya, mutum yana dannawa, har tele ta mutu. Wasu tele sukan ɗauki daƙiƙa biyu ko uku kafin su amsa, kuma mai saurin dannawa yakan wuce lambar da ta dace ya adana ta gaba da ita. Na taɓa yin wannan aiki a gidan kawuna a Tawa, cikin zafin watan Afrilu, ina tsaye ina dannawa har gumi ya jiƙa mini riga. Da allon ya yi baƙi sai na yi maza na adana, na ce, "Kawu, an samu." Ya ɗaga kai ya dubi fankar sama da take rage gudu, ya ce, "Ɗana, ai wuta aka ɗauke." Dole muka jira ta dawo muka faro daga farko, kuma tun ranar nakan dubi ɗan hasken gaban tele kafin in adana lamba, domin idan telekomand ce ta kashe ta, hasken yana nan a kunne.

Akwai kuma tele da sunan da ke gabansu bai dace da abin da ke cikinsu ba, musamman masu araha da ake harhaɗawa da kayan kamfanoni daban-daban. Mutum zai ƙare lambobin wancan suna kaf ba tare da ko ɗaya ta kama ba. A irin wannan hali bincike ne mafita, ko kuma hanyar koyarwa idan telekomand ɗin tana da ita: a ajiye ta goshi da goshi da ta asali, tsakaninsu kamar faɗin yatsu biyu, a kwafi maɓallai ɗaya bayan ɗaya. Wannan yana buƙatar ta asali mai aiki, ko ta maƙwabci mai irin tele ɗin, kuma a yi shi nesa da taga, domin hasken rana yana ɗauke da infared mai yawa da ke rikita kwafin. Saboda haka ina ba da shawara kada a jefar da tsohuwar telekomand don maɓalli biyu sun mutu, sauran suna iya koyar da sabuwa.

Wani abin da ya kamata mai saye ya sani tun yana shago shi ne cewa telekomand ɗin wasu sababbin tele, irin masu karɓar umarni da murya ko masu nuna kibiya a allo kamar ta LG, da Bluetooth suke aiki. Mai infared za ta iya kunna irin wannan tele ta ƙara murya, amma ba za ta yi aikin murya ko na kibiya ba, kuma babu lambar da za ta canja hakan. Idan kuma an ga kashe dekoda yana kashe tele tare da ita, ba laifin saiti ba ne, wata hanya ce da na'urori suke tuntuɓar juna ta wayar HDMI, wadda Samsung yake kira Anynet+, LG yake kira SimpLink, Sony kuma Bravia Sync, kuma ana iya rufe ta daga menu.

Bayan an gama, ƙurar hunturu takan rufe ɗan gilashin da ke karɓar haske a gaban na'ura, ledar da ake naɗe telekomand da ita kuma idan ta tsufa ta yi dishi-dishi takan rage nisan aikinta, don haka a riƙa goge gilashin ana sauya ledar. Pil masu araha sukan yi yoyo a zafin Yamai su ci ƙarfen da suke zaune a kai, saboda haka a cire su idan za a yi doguwar tafiya. Wasu telekomand suna manta saitinsu idan sun daɗe babu pil, kuma takardar lambobi ba ta cika daɗewa a gidan da ke da yara ba. A rubuta lambar kowace na'ura a ƴar takarda a manna ta a cikin murfin pil, ta tele a sama, ta dekoda da ta na'urar sauti a ƙarƙashinta.