Yadda ake tsara tallar albam a mujalla

Kullum sai an turo tambayar yadda ake tsara tallar albam ɗin waƙa a mujalla, to ga matakan.

1. Tambayi mujallar girman shafinta kafin ka fara. A4 milimita 210 ne da 297, amma ba kowace mujalla ce A4 ba.
2. Ɗora hoton bangon albam ɗin, babba. Shi mai saye zai gane idan ya je nema.
3. Rubuta sunan mawaƙi da irin haruffan da ke bangon, ya fi komai girma.
4. Sa sunan albam a ƙasansa.
5. Sa ranar fitowa.

Hattara a nan: mujallar wata-wata tana daɗewa a hannun mutane. Kar ka rubuta "gobe" ko "wannan makon".

6. Ambaci waƙa ɗaya da aka riga aka sani. Ɗaya fa, ba jerin waƙoƙi goma sha biyu ba, mai karatu wucewa zai yi.
7. Jera tambarin kamfanin da ya fitar da albam ɗin da na manhajar sauraron waƙa, Spotify ko Apple Music, a ƙasa, ƙanana.
8. Mayar da launi CMYK, wato tsarin launin da maɗaba'a ke bugawa da shi, hoto kuma dpi 300, wato ɗigo 300 a kowane inci.
9. Bar rarar hoto ta milimita 3 a kowane gefe, kar farin layi ya fito a gefen idan wuƙar maɗaba'a ta yanka takarda.
10. Tura wa mujallar tallar a fayil ɗin PDF.