Kurakuran da aka fi yi wajen bin salsalar gidan Bacon na Redgrave

Gidan Bacon na Redgrave, a yankin Suffolk na Ingila, shi ne kan gaba a sarautar baronet (sarautar gado mai laƙabin Sir), wadda Sarki James na Ɗaya ya ƙirƙiro ranar 22 ga Mayu, 1611. Duk wanda aka naɗa sai ya biya fam 1,095, kuɗin ɗawainiyar soja 30 na shekara uku a Ulster, yankin arewacin Ireland. Asalin gidan a rubuce yake, amma masu binsa na yawan tuntuɓe.

Babban tarkon shi ne takwarori. Sir Nicholas biyu ne, uba da ɗa. Uban, mai riƙe da babban hatimin Sarauniya Elizabeth, ya rasu a 1579, tun ba a san da sarautar ba. Ɗan, wanda ya rasu a 1624, shi ne baronet na farko. Sir Nathaniel ma biyu ne: na Stiffkey ƙanen baronet na farko ne, na Culford kuwa, mai zane, ɗansa ne. Maganin abin, kada ka rubuta suna tsurarsa. Haɗa shi da gari, shekarar rasuwa da sunan uwa. Sunan uwa ne zai nuna maka cewa shahararren masanin falsafa Francis Bacon da baronet ɗin uba kawai suka haɗa: Anne Cooke ta haifi Francis, Jane Ferneley ta haifi Nicholas.

Wasu kuma na ɗaukar lambar sarauta a matsayin jerin haihuwa, wai na uku lalle ɗan na biyu ne. Ba haka ba ne. Sir Edmund, na biyu, ya rasu a 1649 bai bar ɗa ba, sai ƙanensa Robert ya gada. Ta wajen maza ake gadonta, don haka takan tsallaka gefe. Wani ƙanen nasu, Butts, ya samu tasa daban ta Mildenhall a 1627, kuma sai a 1755 sarautun biyu suka haɗu a kan mutum ɗaya, mai lamba biyu.

Kada ka bi gini da fili ka ce ka bi sarauta. An sayar wa alƙali Sir John Holt da Redgrave a 1702, suna ya ci gaba ba tare da filin ba.

Sai kwanan wata. Kafin 1752, ranar 25 ga Maris ake shiga sabuwar shekara a Ingila. In rajistar coci ko wasiyya ta ce Janairu 1624, a lissafinmu 1625 ne. Rubuta 1624/5, in ba haka ba sai ka mai da ƙane wa.