Ƙara wa amfilifayar gita mai bawul wat: kurakuran da ke ƙona ta da yadda ake kauce musu

Yawancin abin da ake kawo mini a shagona da ke Birnin Kebbi rediyo ne, da talabijin, da amfilifayar masallaci. Amma lokaci-lokaci sai ka ga wani ya shigo rungume da tsohuwar amfilifayar gita mai bawul, irin mai kwalaben nan da ke yin ja idan sun ɗumama. Wasu 'yan coci ne daga Zuru ko Yawuri, wasu masu kiɗan biki. Maganarsu ba ta wuce ɗaya: "Oga, ƙara mata wat, ganga na danne ni." Ina son waɗannan na'urori ƙwarai, domin ba su da yawa a ƙasar nan, kuma duk wadda ta ƙone da wuya a sami madadinta. Shi ya sa nake so a san inda ake yin ɓarna.

Kuskuren farko a lissafi yake, tun kafin a taɓa sukudireba. Mutane na ɗauka wat 30 ya ninka wat 15 a kunne. Ba haka ba ne. Ninka wat sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa, desibel kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin sauti. Za ka ji an ɗan ɗaga, shi ke nan. Kafin kunne ya ce sauti ya ninka, sai an kai kusan desibel 10, wato wat ya ninka sau goma: mai 15 sai ta koma 150. Ko amfilifayar kamfanin Marshall mai bawul samfurin EL34 biyu, wat 50, da yayarta mai huɗu, wat 100, in aka jera su tazarar ba ta kai yadda ake zato ba. Amfanin yawan wat shi ne sautin ya daɗe yana fita garau kafin ya fara gurnani.

Gyaran nan a sifika yake. Kowace sifika tana da lambar da ke nuna yawan amon da take bayarwa da wat ɗaya. In taka 97 ce, ka sa mai 100, irin Celestion Vintage 30, ka sami desibel 3 ɗin nan da ninka wat zai ba ka, da 'yan kusoshi da waya biyu. Ka ɗauke akwatin daga ƙasa ka ɗora kan kujera ya fuskanci kunnen jama'a. In fili ne babba, ka sa makirufo a bakin sifikar, Shure SM57 ko makamancinsa, ka tura cikin miksa. Haka ake yi a manyan dandamali na duniya.

Kuskure na biyu shi ne wanda ya fi ci mini rai: a zare ƙananan bawul a cusa manya. Wani saurayi ya taɓa kawo mini tasa daga Zuru, a cikin buhun shinkafa, ya ɗauro ta da roba a bayan babur daga tasha. Ta kawunsa ce ya gada, mai ƙananan bawul samfurin 6V6 biyu. Tun kafin in kwance bayanta na ji warin ƙonannen fenti. Na ɗora yatsa a gindin tiransifoma, wani baƙin danƙo ya biyo ni. A soket kuwa ga EL34 biyu sababbi fil. Ya ce, "Baba, wani mai gyara ne ya ce tunda sun shiga ramin, za su yi." Na ce, "Ɗana, an ɗora wa jaki kayan raƙumi."

Bawul kamar kan famfo yake, buɗewa da rufewa ne aikinsa. Ƙarfin daga tiransifomar wuta yake zuwa, ita ce tankin. Ko ka sa ƙaton kan famfo, abin da ke cikin tanki shi zai zubo. Sannan babban bawul yana da ci, domin kowane bawul yana da hita, wato wayar da ke ɗumama shi a ciki. Hitar 6V6 amfiya 0.45 take ja a kan bolt 6.3, ta 6L6GC tana jan 0.9, ta EL34 kuwa 1.5, KT88 1.6. Ka ga 6V6 biyu ba su kai amfiya ɗaya ba, EL34 biyu amfiya 3 suke nema, fiye da ninki uku. Wayar da aka naɗa domin ƙaramin kaya za ta yi ta zafi har rufinta ya narke. Abin da ya faru da ta saurayin ke nan.

Akwai wani tarko kuma a soket ɗin. 6V6 da 6L6 da EL34 duk ƙafa takwas ne tsarinsu, amma a EL34 ƙafa ta 1 tana aiki, dole a haɗa ta da ta 8. A tsofaffin amfilifayar kamfanin Fender kuwa ƙafa ta 1 wurin ɗaura rizista ce kawai, wato ɗan abin da ke rage gudun wuta, saboda 6L6 ba ya amfani da ita. Wanda bai duba ba zai tura wa bawul wutar da ba tasa ba. EL84 shi ƙafa tara gare shi, ba ya ma shiga.

In har da gaske kana son ƙarin wat, tiransifoma biyu za ka canza, ba ɗaya ba. Nan ma ana tuntuɓe: a sayi babbar tiransifomar wuta a bar ƙaramar ta sauti, wadda ke tsakanin bawul da sifika. Ita ma tana da iyakar abin da take ɗauka, kuma an naɗa ta ne daidai da bawul ɗinta. Da om ake auna wannan dacewar: Fender Deluxe Reverb mai wat 22 tata om 6,600 ce. 6L6 biyu sun fi son wajen 4,000. Marshall mai wat 50 kuwa 3,400. Ka haɗa kuɗin tiransifoma biyu, da bawul da aka auna suka zo daidai da juna, da kwandensa masu ajiye wuta, da huda ƙarfen gindi, da kuɗin kawowa daga Alaba ko daga waje. Sau da yawa sai ka tarar gara ka nemi mai wat 50 ta hannu, ka bar ƙaramar yadda maƙerinta ya yi ta.

Sai bayas, wato saita yawan wutar da bawul ke ja yana zaune ba a kaɗa komai. Da yawa sukan sa sabon bawul su kunna su tafi. In wutar ta yi yawa, farantin cikin kwalbar zai yi jajir kamar garwashi, ba jan hita na kullum ba. Da ka ga haka ka kashe nan take. In ta yi kaɗan, sautin zai fito a bushe. Ƙa'idar da masu gyara ke bi ita ce kada a wuce kashi 70 cikin 100 na abin da bawul ke jurewa. 6L6GC wat 30 yake jurewa, kashi 70 ya zama 21. In farantin na kan bolt 450, ka raba 21 da 450, ya ba ka wajen miliamfiya 46. Ana sa rizista mai om 1 tsakanin ƙafa ta 8 da jikin ƙarfe, abin da mita ta nuna a milibolt shi ne miliamfiyan. Ni dai a garin nan kashi 60 nake tsayawa, saboda zafin Maris da Afrilu kan haura digiri 40, ga wuta tana hawa tana sauka, ga janareta.

Wannan ya kawo ni kan wutarmu. Tamu bolt 230 ce, hat 50, wato sau 50 take jujjuyawa a daƙiƙa. Amfilifayar da aka yi wa kasuwar Amurka 120 take sha, hat 60. Tiransifomar rage wuta tana gyara bolt, ba ta gyara hat, don haka irin wannan na'ura tun asali ta fi ɗaukar zafi a nan. Ita ce ta ƙarshe da ya kamata a ƙara wa kaya. Haka kuma masu cire bawul mai daidaita wuta, 5Y3 ko GZ34, su sa dayod, ɗan ƙaramin abin da ke yin aikin ba tare da kwalba ba: bolt zai hau da gomomi, wat ya ɗan ƙaru, amma kwandensar da aka rubuta mata 450 tana iya kumbura ta fashe. Ka karanta jikinta tukuna. Shi ma 5U4GB, wani bawul mai daidaita wuta, amfiya 3 hitarsa ke ja, 5Y3 kuwa 2, ba a musanya su da ka.

Fiyus in ya tsinke magana yake yi maka. Kada ka naɗa masa waya ko takardar sigari mai ƙyalli, kada ka sa wanda ya fi shi lamba. Kada kuma ka kunna mai bawul babu sifika a jone, ko na minti ɗaya kana kaɗawa, domin tiransifomar sauti ce za ta tafi. In wat ya ƙaru, sifika mai wat 25 ba za ta ɗauki 50 ba, kuma om ɗinta, 4 ko 8 ko 16, ya dace da ramin da ka soka.

Ina roƙon duk wanda bai koyi aikin nan ba kada ya sa hannu a ciki. Kwandensa tana riƙe bolt 400 zuwa 500 bayan an zare filogi, kuma tana kisa. Mu ma sai mun sauke ta da rizista, mun auna da mita mun ga ta koma sifili, in kuma dole a auna tana kunne, hannu ɗaya na aljihu.

Ta saurayin nan wata biyu ta yi a shago kafin a samo tiransifomar da ta dace. Na mayar mata da 6V6 ɗinta, na saita bayas, na busa ƙurar hunturu da ta cika soket, muka sa mata sifika mai lamba 100. Ranar da ya zo ɗauka ya jona gitarsa a bakin shago, mai shayin tsallaken titi ya ɗago kai yana neman inda sautin ke fitowa. EL34 ɗin nan biyu suna nan a durowata, naɗe a jarida, ya ce in ajiye masa har ya sami mai ɗaukar su.