Inda Ake Manna Sitikar Farashi, da Kurakuran da Masu Sabon Kanti Suka Fi Yi

Duk sabon kantin da aka buɗe a Gombe, daga Jekadafari zuwa Tumfure, kusan abu ɗaya za ka tarar. An kashe kuɗi an buga kanta, an sa fitilu, an sayo firji, an saro kaya daga Kano. Sai aka zo kan sa farashi, aka miƙa wa ƙaramin yaron shago bindigar sitika aka ce ya bi kaya ya manna. Babu wanda ya nuna masa inda zai manna. Shi kuwa duk inda hannunsa ya faɗa nan ne wuri: wannan a murfi, wancan a gindi, wani a tsakiyar sunan kayan. Ana ganin abin ƙarami ne, alhali daga nan rigima da kwastoma take farawa, daga nan kuma kaya ke ɓacewa ba a san ta inda suka bi ba.

Manyan kantuna suna manna sitika a kusurwa ɗaya ne, galibi ta sama daga dama a fuskar kayan, kuma da dalili. Kamfanin da ya tsara kwalin yakan sa sunansa da hoton kayan a tsakiya, nauyi ko yawan abin da ke ciki a ƙasa, bayanan haɗi da lambobi a baya ko a gefe. Kusurwar sama ce ta fi zama babu rubutu mai muhimmanci. Sannan yawancin mutane da dama suke aiki: hagu ta riƙe kaya, dama ta riƙe bindiga, bakin bindigar a kusurwar dama yake sauka ba sai an murɗa hannu ba. Kusurwar kwali kuma ta fi tsakiyarsa tauri, saboda nan ne aka naɗe shi, don haka idan an danna sitika takan kama sosai, kwalin bai lotsa ba. Amma babban dalilin shi ne sabo. Idan farashi kullum wuri ɗaya yake, idon kashiya da na mai saye suna zuwa can kai tsaye. Ko dama ka zaɓa ko hagu, abin da ake nema shi ne ka tsaya a kan guda.

Kuskuren da ya fi kowanne muni shi ne rufe ranar ƙarewar wa'adin kaya. Sitikar da ƙananan bindigogin nan ke fitarwa milimita 21 ce a tsawo, 12 a faɗi. Daidai take da ta haɗiye wata da shekara gaba ɗaya. Yaron da ya manna ta a kan kwanan watan ba da mugun nufi ya yi ba, ya ga fili ne fari mai santsi, ya danna. To amma matar da ta ɗauki gwangwanin madarar jariri ta juya shi tana neman kwanan wata, ta tarar da farashinka a kai, me kake so ta ɗauka? Ba za ta ce yaro ne ya yi kuskure ba. Cewa za ta yi kayan ya lalace ne aka ɓoye. Ba za ta yi maka magana ba, ajiyewa za ta yi ta fita, kuma kafin la'asar matan layinsu sun ji. Jami'in NAFDAC da ya shigo duba kaya shi ma irin fassarar da zai yi ke nan, kuma da wuya rantsuwa ta fitar da kai. Kai kanka maigida ka cuci kanka, domin kayan da ba ka ganin wa'adinsa ba za ka san lokacin da ya kamata ka turo shi gaba ko ka karya farashinsa ba, sai ranar da ka ɓare sitika ka ga wata biyu ke nan da wucewarsa.

Maganin wannan ba wuya. Kafin a taɓa bindiga, a ciro guda ɗaya daga katan a juya shi ta kowane ɓangare, a nemo abu huɗu: ranar da aka yi shi, ranar ƙarewarsa, lambar rukunin da aka fitar da shi a ciki, da lambar rajistar NAFDAC. A gwangwani yawanci a gindi ko a murfi suke. A kwali suna bakin da ake buɗewa ko a gefe. A leda suna kusa da inda aka liƙe baki. A roba da kwalba kuwa, a wuya ko a murfi. Duk inda suke, sitika ta yi nesa da su. Masu kemis su ƙara da na biyar: wurin nan mai ruwan azurfa da ake kankarewa a tura lambar ta waya don a tabbatar maganin na gaskiya ne, wanda ake gani a kwalayen maganin zazzaɓin cizon sauro da wasu magungunan. In ka manna sitika a kai, ranar ɓarewa tare za su taso. Haka ma bayanin yadda ake shan magani, ba a rufe ko harafi ɗaya.

Kuma don Allah, wanda ya riga ya yi kuskuren kada ya ɗauko sifirit ko kananzir ya ce zai goge gam. Kwanan watan da yawa da tawada aka fesa shi a kan roba ko gwangwani, gogewa ɗaya ya tafi. Kaya marar kwanan wata kuwa ya fi mai sitika a kai zama abin zargi. A ɗaga sitikar a hankali da farce daga gefe, in gam ya saura a bar shi.

Na biyu shi ne ɗora sabon farashi a kan tsoho. Yadda kaya ke tashi a 'yan shekarun nan, ba abin mamaki ba ne ka ga kwalin ganyen shayi da sitika uku a jere, wata kan wata, sun yi tudu. Wannan lalaci ne tsagwaronsa. Mai saye yana da farce. Yana tsaye a gaban kanta zai ɗaga ta sama ya ga 1,800 a ƙarƙashin 2,500, daga nan babu bayanin da zai shiga kunnensa. Ka ce dala ce, ka ce kuɗin mota ne, shi dai abin da ya gani shi ne tsohon kaya ka ƙara wa kuɗi. Wani ma ba zai yi musu ba, ɓare ta saman zai yi ya kai wa kashiya da tsohon farashi, ita kuwa ta karɓa. Mafi muni shi ne a manna sabuwar a gaba a manta da tsohuwar a baya, kaya ɗaya farashi biyu. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiki da ita, ta wajabta bayyana farashi, ta kuma hana a karɓi fiye da abin da aka bayyana. A 2024 hukumar ta taɓa rufe wani babban kanti a Abuja saboda farashin kan kanta ya saɓa da wanda ake karɓa wurin biya. Ni abin da na tsaya a kai shi ne: tsohuwa ta fita kafin sabuwa ta shiga, kuma sabuwar ta zauna daidai gurbin tsohuwar. Nan ma amfanin kusurwa ɗaya ya fito, domin wanda ya san wuri ɗaya ake mannawa ba zai bar wata a ɓoye ba. Kayan da farashinsu ba ya kwana biyu bai motsa ba, irin su taliya, sukari da man girki, ni ba na ganin amfanin bin su ɗaya bayan ɗaya. A rubuta a kati a maƙala a bakin kanta, in ya canza a canza kati guda.

Sai zanen layukan nan baƙaƙe da na'ura ke karantawa, bakod. Galibi a baya yake, can ƙasa. Yawanci lambobi 13 ne a ƙarƙashinsa, kuma wanda aka yi wa rajista a Najeriya da 615 yake farawa. Abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne farin filin da ke gefe da gefen layukan shi ma cikin aikin yake, kusan milimita 4 a hagu, sama da 2 a dama. Sitika ta ɗan ci wannan filin, ko ba ta taɓa layi ba, na'ura na iya ƙin karantawa, kashiya ta koma buga lamba da hannu, layi ya taru. In kuwa kantinka yana buga nasa bakod ɗin, to a nan kaɗai ake rufe na kamfani, kuma a rufe shi ruf, kada na'ura ta ga biyu ta ɗauki wanda ba shi ba.

Kada a manna a murfi. Murfin man shafawa ƙarami da babba sau da yawa bakinsu ɗaya, cikin daƙiƙa biyu an musanya. A jikin kwalbar ake sawa, a kafaɗa.

Yanayin garin nan ma yana da nasa hukunci. Lokacin hunturu ƙura takan kwanta a kan kaya ko da ido bai gani ba, sitikar kuma ƙurar take kamawa maimakon kwalin, kwana biyu ka gan ta a ƙasa. A goge wurin da busasshen tsumma tukuna, a manna, a danna da babban yatsa. A bar kamar rabin santimita tsakaninta da bakin kwali, don wadda ta leƙo waje ita ce ke fara naɗewa. A watan Maris da Afrilu kuwa, lokacin da zafi ke kai maki 40, takardar da ake bugawa da zafi, irin ta rasit, ba ta jure rana: ko ta yi baƙi ko rubutun ya dushe. Kayan da ke bakin ƙofa ko jikin gilashi a yi musu da ta tawada. Lemo da yogot a manna musu tun suna bushe kafin su shiga firji, domin kwalbar da ta fara gumi babu gam ɗin da zai kama ta. Robar man gyaɗa da ta manja a goge maiƙon sosai, in ya ƙi a ɗaura kati a wuya.

Leda mai laushi, kamar ta garin sabulu, ba ta da kusurwa mai tauri. A shimfiɗa ta a kan tebur a manna a sama, ƙasa kaɗan da inda aka liƙe baki, bayan an duba ba nan kwanan watan yake ba. Ƙananan kaya irin su dunƙulen magi da alawa ba a bin su da sitika, a jikin robar da aka zuba su ake rubutawa.

Rubuta farashi da alƙalamin maka kai tsaye a jikin kwali ɓata kaya ne, ba ya fita.

Masu sayar da turare da kayan kwalliya su tuna da masu haɗa lefe. Babu wanda ke son akwati ya isa gidan amarya da farashi a jikin kowane kwali, dangi suna ɗagawa suna lissafi. Za su ɓare, kuma in gam ɗin mai ƙarfi ne zai taso da fatar kwalin ya bar farin tabo a fuskar turaren dubu talatin. Irin waɗannan kaya a manna musu a kan ledar da aka naɗe kwalin da ita. In babu leda, a nemi sitika mai sauƙin ɓarewa, a sa ta a kusurwar baya, kuma duk kayan wannan kantar su bi haka, a kuma gaya wa kashiya tun ranar farko cewa na wannan layin a baya ake dubawa.