Yadda ake kare littattafan halwa da na masallaci daga ruwan damina, da ceto su idan sun jiƙe

A unguwannin Hausawa na Gadarif, Kasala, Madani, Sinnar da Damazin a ƙasar Sudan, da wuya a sami tsohuwar halwa, wato makarantar allo, ko gidan malami da babu akwatin littattafai. Akwai Alƙur'ani rubutun hannu cikin gafakarsa, da waƙoƙin ajami, da littattafan fiƙihu bugun Masar masu rawayar takarda, wani lokaci har da abin da kakanni suka taho da shi a hanyar hajji, ko a hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, wadda ta kai jama'a garin Mai Wurno da ke kusa da Sinnar. Irin wannan ajiya ba ta da ma'aikaci ko kasafin kuɗi, kuma ruwa ne ya fi yi mata ɓarna. A watan Agusta na 1988 ruwan da ya sauka a Khartum cikin kwana ɗaya ya haura milimita 200, fiye da abin da birnin ya saba samu a shekara guda. A 2020 Nilu ya wuce mita 17 da rabi a ma'aunin Khartum, har sai da aka jera buhunan yashi don kare kufan tsohon birnin da ke Bajarawiyya. Mutanen Kasala sun san halin kogin Gash, na Gadarif kuma sun san ambaliyar rafin Khor Abu Farga.

Takarda da tawada ba halinsu ɗaya ba

Yawancin rubuce-rubucen ƙarni na 19 an yi su a kan takardar Italiya, wadda in an ɗaga ta a haske ake ganin tambarin jinjirin wata uku. Da tsumma aka yi ta, don haka tana da ƙwari, tana iya jiƙewa ta bushe ba ta dagargaje ba. Raunin yana ga tawada. Tawadar gawayi ko ta kunkunniya ƙaro ne ke riƙe ta a kan takarda, ƙaro kuwa ruwa na narkar da shi, abin da ya sa ake iya wanke allo ke nan. Jar tawadar wasali ta fi saurin malala. Idan jiƙaƙƙun fallaye suka bushe a haɗe, ƙaron nan sai ya zama gam ya manne su. Jar fatar gafaka ita ma tana zubar da rini a kan takarda, sannan ta ƙanƙance ta ƙandare.

Littafin bugu akasin haka ne. Tawadarsa ba ta damu da ruwa ba, amma takardar ce mai rauni, musamman mai rawayar nan da ke karyewa ko a bushe take. Mai sheƙi kuma, irin ta mujallu da littattafan hotuna, in ta bushe a rufe ta zama dunƙule ɗaya har abada. Duk matakan da ke tafe daga wannan bambanci suka fito.

Aikin watan Mayu da Yuni

Kafin ruwa ya kankama, a zauna a fitar da jerin abin da za a fara ɗauka in ta ɓaci. Kada ya wuce abin da mutum biyu za su iya ɗauka cikin minti goma. Ma'auninsa ɗaya ne: abin da babu kwafinsa a ko'ina. Rubutun hannu, takardun waƙafi da na fili, rajistar aure ta masallaci, takardun jinsiyya, tarihin nasaba. Tafsirin da ake sayarwa a kasuwa, komai tsadarsa, ba ya cikin jerin. A tara waɗannan wuri ɗaya kusa da ƙofa, a sa wa akwatin alama, kuma mabuɗi ya kasance a hannun mutum biyu ko uku. Sau da yawa asarar ba ta wuce cewa mai mabuɗi ya yi tafiya ba.

Na biyu, a sa wa fallaye lamba. Littattafanmu na hannu ba ɗinkakku ba ne, fallaye ne a tsakanin tadarishi, kuma abin da ke nuna jerinsu ita ce kalmar da marubuci ke sawa a ƙasan shafi don nuna farkon na gaba. In ruwa ya share ta, aka kuma baza fallaye ɗari biyar don shanya, mayar da su aiki ne na watanni, in ba Alƙur'ani ba ne da mahaddaci zai jera. A sa lamba ƙarama da fensir mai laushi a kusurwar sama ta kowane falle. Ban da biro, domin yana malala.

Na uku, hoto. Wayar hannu ta isa. A shimfiɗa baƙin yadi a inuwa mai haske, a kashe filasha, a riƙe waya daidai saman shafi, a ɗauki kowane shafi har da gefensa, gaba da baya, da bango da gafaka. A ajiye kwafi uku: ɗaya a waya ko kwamfuta, ɗaya a katin memori a wani gida, ɗaya a intanet ko wurin ɗan'uwa a wani gari. Shirin Sudan Memory ya ɗauki hotunan takardu da kayan tarihi masu yawa kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, kuma bayan ƙonewar ɗakin karatu na Cibiyar Muhammad Umar Bashir a Jami'ar Ahliyya ta Omdurman da wawashe Gidan Tarihi na Ƙasa, ba a buƙatar doguwar hujja kan amfanin wannan aiki.

Sai ɗakin kansa. A gyara rufi, a share indararo, a duba inda kwano ya haɗu da bango. Ƙa'idar ɗakunan karatu ita ce kanta ta ƙasa ta yi nisan santimita 15 daga daɓe, amma a baƙar ƙasar Gadarif da Jazira, inda laka ba ta shan ruwa sai ya kwanta, wannan bai isa ba. A tambayi dattawa inda ruwa ya taɓa kaiwa a bango, a ƙara rabin mita a kai. A janye kanta ko akwati daga bango kamar faɗin tafin hannu, domin ginin jalus, wato ginin laka, daga gindi yake shan ruwa, kuma ta nan gara ke hawa. Akwatin ƙarfe a ɗora shi kan tebur ko bulo, domin ba ya hana ruwa shiga. Duro na roba mai murfi da zoben ƙarfe ya fi shi tsare ruwa, da sharaɗin abin da aka sa ya bushe sarai, a kuma riƙa buɗewa duk wata ana dubawa. Takarda mai laima a rufe cikin roba ko leda ta fi wadda aka bari a fili saurin lalacewa.

A tanadi buhu ɗaya na kayan ceto, a ajiye shi a wani ɗaki dabam: tamfol biyu, safar hannu ta roba, takunkumi mai lamba N95, tocila, ledoji, fensir, igiya, buroshi mai laushi, gidan sauro, farar takarda marar rubutu daga maɗaba'a kamar rim biyu, da damuriyya, wato farin yadin auduga, wankakkiya yadi goma, a yayyanka daidai girman shafi.

Kwana biyun farko

Fumfuna na fara tsirowa a jiƙaƙƙiyar takarda cikin awa 48 zuwa 72, kuma a zafin Agusta a ɗauka awa 48 ɗin ce. Duk da haka ba a faɗa wa ɗaki da gaggawa. A kashe wutar lantarki daga waje, a duba bango da azara, domin jiƙaƙƙen jalus yana faɗuwa bayan ruwa ya janye. Ruwan ambaliya ya gauraya da na masai, saboda haka safar hannu da dogon takalmin roba dole ne. A lura da kunama da maciji a bayan akwatuna.

A ɗauki hoton ɗakin yadda yake, sannan a kasa kaya uku: busassu, masu laima, da waɗanda suka jiƙe sharkaf. Busassun a fara fitarwa daga ɗakin, don kada su sha danshi. Jiƙaƙƙen littafi na iya ƙara fiye da rabin nauyinsa, to a ɗauke shi da hannu biyu ko a kan faranti, kada a ja shi ta bango. Wanda aka samu a buɗe a bar shi a buɗe, na rufe a bar shi a rufe, kuma ba a matse shi don ruwa ya fita.

Wurin shanya ya zama inuwa mai iska, rakuba (rumfa) ko barandar masallaci. Angareb, gadon katako mai saƙar igiya, ya dace ƙwarai da wannan aiki, tun da iska na bi ta ƙarƙashin saƙarsa: a shimfiɗa damuriyya a kai, a rufa gidan sauro saboda ƙuda da ƙura. Fanka ta yi ta juyawa dare da rana amma kada ta fuskanci takardun. Na'urar sanyaya ɗaki mai aiki da ruwa a kashe ta, laima take ƙarawa, kuma a kawar da randa daga wurin. Rana, dutsen guga da garwashi duk haramun ne a nan: suna nannaɗe takarda, su gasa fata, su kafe tabo.

Rubutun hannu shi ake fara taɓawa. A zare shi daga gafaka da tadarishi nan take, fatar a cusa mata farin ƙyalle don ta riƙe siffarta, ta bushe a hankali can gefe. Fallayen kada a ce sai an ɓare su ɗaya ɗaya suna ɗiga. A raba tulin gida-gida, kaurin kowane kamar yatsa, ta inda ya rabu da kansa, a jera bisa tsari. Idan saman ya sha iska ya koma laima kawai, a zura siririyar wuƙar roba marar kaifi ta kusurwa a ɗaga falle ɗaya, a kwantar da shi a kan busasshen ƙyalle. Ba a goge shafi, ba a danna masa takarda a kan rubutu, domin tawadar za ta bi ta. In falle ya ƙi ɗaguwa, a ƙyale shi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma masu gyaran takardu na iya raba mannannu daga baya, amma ba sa iya mayar da rubutun da ya ɓare. Laka a bar ta ta bushe, sannan a kakkaɓe da buroshi.

Littafin bugu mai laka ana iya riƙe shi a rufe gam a tsoma a bokiti uku na ruwa mai tsabta bi da bi. Bayan haka a sa farar takarda bayan kowane shafi 20 zuwa 25, a canja ta duk awa biyu ko uku da farko, a riƙa sauya wurin da ake sawa. Kada abin da aka cusa ya wuce sulusin kaurin littafin, in ba haka ba ɗinkin zai fashe. Jarida mai rubutu ba ta yi, tawadarta na kama shafi. Mai laima kaɗan a tsayar da shi a ɗan buɗe, a riƙa juya shi sama da ƙasa. Mai takarda mai sheƙi kuwa kowane shafi sai an raba shi tun yana jiƙe. Hotuna a ɗauraye su, a shanya fuska sama, kada yatsa ya taɓa fuskar.

In kayan sun fi ƙarfin hannun da ake da su, a kira gayya, a ba kowa aiki ɗaya, mutum ɗaya kuma ya riƙe littafin lissafin inda kowane abu ya tafi. Firiza tana tsayar da fumfuna da malalar tawada idan ta kai digiri 18 ƙasa da sifili: a nannaɗe kowane littafi a ledarsa, a sa lamba, a riƙa fitarwa kaɗan-kaɗan ana shanyawa. Amma sai inda wuta ta tabbata, kamar wurin mai sola ko masu sayar da ƙanƙara. Firizar da ke daskarewa tana narkewa ta fi rashinta illa.

Bushewa ba ta ƙarewa da sauri. A sa bayan hannu a wajen ɗinki, in da sanyi-sanyi to da saura. Idan ya kusa bushewa a rufe shi, a ɗora katako da ɗan nauyi don ya miƙe. Ɗakin da ruwa ya shiga a goge kantocinsa da sinadarin ethanol mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari, kuma kada a mayar da kaya sai laimar ɗakin ta sauka ƙasa da kashi 60. Ƙaramin ma'aunin laima na dijital ba shi da tsada. A ci gaba da dubawa kowane mako har wata biyu. Wanda ya yi fumfuna a ware shi, a bari ya bushe har ta zama gari, a kakkaɓe a waje da takunkumi, iska na kaɗawa gaba. Mai asma kada ya shiga wannan aiki. Yagaggen shafi a sa shi cikin ninkakkiyar farar takarda. Salatif da liƙe takarda cikin roba da zafi ɓarnarsu ba ta gyaruwa.

Gara, wuta da gudun hijira

Gara na biyo bayan laima. In an ga hanyarta ta ƙasa a bango, a janye kaya a yi wa ginin magani, ba littattafan ba. Busasshen littafin da ƙwari suka shiga a ɗaure shi cikin leda, ya yi mako guda zuwa biyu a firiza, sannan a bar shi yini da kwana kafin a kwance ledar. Game da wuta, fetur, janareta da batirin sola ba sa zama ɗaki ɗaya da littattafai, haka ma kaskon turare.

Idan barin gari ya kama, jerin nan na farko shi ne abin ɗauka, tare da katin memori a jiki. Binne akwati a ƙasa dabara ce ta ƙarshe, domin damina ɗaya ta isa laima da gara su gama da shi. In babu makawa, duron roba mai murfi, a tudu, kuma mutum biyu amintattu kaɗai su san wurin. Wanda ya dawo gidan da aka yi faɗa a kusa da shi kada ya taɓa wani ƙarfe da bai sani ba, ko ya ɗaga tarkace don neman littafi, sai masu kwance nakiyoyi sun duba wurin.