Idan Tafiya Ƙasar Waje Ta Kama Ki Ke Kaɗai

Yanzu ba abin mamaki ba ne a ji 'yar Bauchi ko Gombe ta samu gurbin karatu a Masar, Malesiya ko Ingila, ko wurin aikinta ya tura ta taro Kigali, ko za ta je saro kaya Alkahira, kuma babu mai raka ta. Hukuncin tafiyar mace ba muharrami magana ce ta malamai, sun kuma yi saɓani a kanta. Ki zauna da iyayenki ko mijinki da malamin da kuka yarda da shi, a gama wannan kafin a kashe ko sisi. Bayanin nan na wadda aka riga aka sa wa albarka ne, aka ce ta je Allah ya kiyaye hanya.

Yawancin abin da ke jefa yaranmu mata cikin wahala a tafiya daga kunya da kara yake farawa. An rene mu a kan ba a ce wa babba a'a, ba a buɗe saƙon mutane, ba a ɗaga murya a gaban maza. A gida wannan ado ne, amma a filin jirgi yana iya kai mutum gidan yari. Fasfonki, jakarki, kuɗinki da adireshin masaukinki, waɗannan huɗun kada su bar hannunki, ko wane ne ya nema in ba jami'in da ke bakin aikinsa ba, ko da wane irin ladabi ya nema.

Takardu

Fasfo ake fara yi, a ofishin Hukumar Shige da Fice da ke Bauchi ko Gombe, bayan an cike fom an biya ta intanet. Mai shafi 32 shekara biyar yake yi, mai shafi 64 shekara goma. Abin da ya fi ɓata wa mutanenmu lokaci shi ne suna. A katin NIN an rubuta Aishatu, a takardar makaranta Aisha, sunan mahaifi nan Mohammed can Muhammad, ranar haihuwa ma ta sha bamban. Ki shimfiɗa takardunki gaba ɗaya a kan tabarma ki bi su harafi da harafi, a gyara tun kafin ki nemi fasfo. Tikitin jirgi kuma a rubuta shi daidai yadda sunan yake a fasfo. Ƙasashe da yawa ba sa karɓar fasfon da bai da sauran wata shida.

Ga wani abu da ejan ba zai tuna ya gaya miki ba: lalle. Wajen yin fasfo da neman biza ana ɗaukar zanen yatsu goma, kuma lallen da ya kama kan yatsu yakan hana na'urar karantawa, sai a ce ki dawo wani lokaci bayan kin biya kuɗin mota har Abuja. Idan akwai biki a gida, ki haƙura da ƙunshin yatsu aƙalla sati uku kafin ranar. Haka ma lokacin tafiyar, don a can ma za ki ɗora yatsu.

Sai katin rigakafin shawara, wanda ake kira yalo kad. Ba ya fara aiki sai allurar ta kwana goma, saboda haka ba abin satin tafiya ba ne. Idan an yi kuma, tun daga 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Mai zuwa Umara tana buƙatar allurar sanƙarau a kan wannan. Kada ki sayi kati ba allura. Bizar ƙasashen Shengen (rukunin ƙasashen Turai masu amfani da biza ɗaya) kuma sai da inshorar lafiya da ta kai ta Yuro 30,000.

Ki ɗauki hoton fasfo, biza, tikiti da takardar gayyata ko ta makaranta. Ki tura wa kanki ta imel, ki tura wa mutum biyu a gida, ki kuma buga kwafi biyu a takarda: ɗaya a jakar hannu, ɗaya a akwati. Waya tana mutuwa daidai lokacin da jami'i ya ce ina adireshin da za ki sauka.

Hanya da tikiti

In ba lokacin jigilar alhazai ba, jirgin ƙasar waje daga Abuja, Kano ko Legas za ki hau shi. Ko ta mota za ki bi Ningi zuwa Kano, ko Jos zuwa Abuja, ko jirgin cikin gida za ki hau daga filin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ko na Lawanti, ki isa ana gobe tafiya, ki kwana. Tikitin cikin gida da na waje daban-daban ne. Idan na farko ya makara kika rasa na biyu, babu wanda zai biya ki. Ki kasance a filin jirgi saura awa huɗu a tashi.

Wajen zaɓen tikiti, kada araha kaɗai ta ja ki. Ki duba inda jirgin zai ya da zango. Adis Ababa, Alkahira, Doha da Istanbul su ne mutanenmu suka fi bi. Amma mai fasfon Najeriya da za ta canja jirgi a Faransa, Jamus ko Holan tana buƙatar bizar wucewa ko da ba za ta fita daga filin ba, sai in tana riƙe da wata bizar da ta ɗauke mata, kamar ta Amurka ko Kanada. Ingila ma tana da irin wannan sharaɗin. Tazara tsakanin jirage biyu kada ta gaza awa biyu, uku ta fi. Sannan ki nemi wanda zai sauke ki da rana. Baƙuwar da ta sauka ƙarfe biyun dare, ba layin waya, ba kuɗin ƙasar, ita ce ke shiga motar duk wanda ya yi mata murmushi.

Akwati da saƙon mutane

Nan ne ya kamata ki fi natsuwa. Da zarar an ji za ki tafi, saƙo zai fara zuwa: ƙullin yaji na ɗan wance, magani na 'yar wane, wata leda da aka naɗe da salatif aka ce kada a buɗe. Ƙa'idar ɗaya ce. Duk abin da ba ki buɗe da hannunki kin gani ba, ba ya shiga jakarki. Ki ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, sai na buɗe, don can ma buɗewa za su yi." Wadda ta ji haushi ta riƙe kayanta. A cikin filin jirgi kuwa ko buɗewar ma babu: dattijuwa ce, mai goyo ce, malami ne da carbi, amsar ita ce ba na karɓa.

Wannan ba tsoratarwa ba ce. A ƙarshen 2018 an kama wata ɗaliba 'yar arewa a Saudiyya saboda wata jaka mai ɗauke da tiramadol da aka liƙa wa sunanta a filin jirgin Kano ba da saninta ba. Sai da ta yi kusan wata huɗu a tsare kafin gaskiya ta fito, a ƙasar da safarar ƙwaya ke kai mutum ga hukuncin kisa. Saboda haka ki tsaya da kanki a gaban teburin awon kaya. Kada ki ba kowa fasfo da tikiti ya je ya yi miki. Kada ki ara wa kowa ragowar kilonki. Ki ɗauki hoton kowace jaka tana kan sikeli, ki ƙirga 'yan takardun shaidar kaya da za a manna miki: jaka biyu kika bayar, shaida biyu za ki karɓa. In kin ga uku, ki yi magana nan take, da ƙarfi. Ki adana su har ki fita daga filin can.

Galibi ana ba da jaka biyu masu kilo 23 kowacce, da ta hannu mai kilo 7, amma ki duba tikitinki. Turare, humra, man shafawa da duk mai ruwa da ya wuce mililita 100 akwati zai shiga, in ba haka ba a ƙwace. Fawa bank kuma akasin haka, a jakar hannu yake tafiya. Kilishi da dambun nama ba sa shiga Turai, Ingila ko Amurka, man shanu ma ba ya shiga Turai da Ingila. Kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa da yaji sun fi sauƙin wucewa, amma in an tambaya ko kina ɗauke da abinci ki faɗa. Goro haramtacce ne a Saudiyya. Duk maganin da ke da kodin ko tiramadol ki bar shi, sai da takardar likita, kuma a kwalinsa na asali.

A jakar hannu ki sa kaya sauyi ɗaya, hijabi, audugar mata, maganinki, caja, da ƙaramar gora wofi. Banɗakunan Turai da Amurka ba su da buta, kuma wannan ƙaramin abu yana tayar wa baƙuwa hankali fiye da yadda ake zato. Soket ɗin Ingila, Saudiyya da Malesiya irin namu ne mai baki uku. Masar, Turkiyya da yawancin ƙasashen Turai mai baki biyu zagayayye ne, sai da adafta.

Wajen bincike, in an ce ki cire hijabi ko niƙabi, ki nemi jami'a mace da keɓaɓɓen wuri. Ki sani kuma Faransa da Beljiyam sun hana rufe fuska a bainar jama'a tun 2011, wasu ƙasashen Turai ma sun bi sahu. Rufe kai a titi bai shiga wannan dokar ba.

Bayan sauka

Jami'in shige da fice tambaya uku zuwa huɗu yake yi: me ya kawo ki, ina za ki zauna, kwana nawa, wa ke ɗaukar nauyinki. Ki dube shi ki amsa a taƙaice. Sunkuyar da kai da muka sani a matsayin ladabi, su rashin gaskiya suke ɗaukarsa.

Kafin ki fita daga filin, ki hau intanet ɗinsu na kyauta ki sanar da gida, ki canja kuɗi kaɗan, ki sayi layi. Layinki na gida kada ki yar, ta nan banki ke turo lambar sirri. Mota kuwa, ko wadda makaranta ko otal suka turo, ko ta layin tasi na hukuma, ko ta manhaja bayan kin duba lambar motar ta yi daidai. Ki zauna a baya, ki kunna wa wani a gida wurin da kike ta WhatsApp, yana iya bin ki har awa takwas. In direba ya tambaya ko ke kaɗai ce, ki ce ana jiranki. Kuɗi ki raba su uku, kashi ɗaya a jikinki ƙarƙashin riga. Lambar gaggawa 112 ce a Turai, 999 a Ingila, 911 a Amurka.

Wanda zai fi saurin samun kanki a can shi ne wanda ya yi miki Hausa. Bayan kwana uku ba ki ji "sannu" ba, sai wani ya ce "ƙanwata, daga ina?" ki ji kamar kin ga ɗan ɗakinku. Akwai mutanen kirki da yawa, ƙungiyoyin ɗalibai da matan masallaci sukan riƙe baƙuwa hannu bibbiyu. Amma ki haɗu da mutum a fili, da rana, kada ki faɗi lambar ɗakinki, kada ki ba da ajiyar fasfo. Idan kuma tun daga gida wani ejan ne ya ce zai yi miki komai kyauta, aikin gida a Oman, Iraƙi, Lebanon ko Saudiyya, kya biya in kin fara ɗaukar albashi, ki tsaya. Haka ake karɓe fasfo a ɗora wa yarinya bashin da ba ya ƙarewa. Bizar Umara ko ta ziyara ba ta aiki ba ce. Hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane, wadda aka kafa a 2003, don irin wannan take, ki kai mata maganar kafin ki sa ƙafa. In fasfo ya ɓace, ki samo rahoton 'yan sanda, ki kai ofishin jakadancin Najeriya tare da kwafin nan da kika buga, su ba ki takardar gaggawa ta komawa gida.

Kewa gaskiya ce, kuma ta fi tsanani daga sati na biyu, bayan ɗokin ya kwanta. A Landan cikin Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu, cikin Yuni kuma magariba sai bayan tara, sanyin can kuma hunturun Bauchi ko kusa bai kai shi ba. Rigar sanyi mai kauri a can ake saye. Ki sa wa kiran gida lokaci ɗaya a rana, kada ki wuni a ɗaki kina kallon hotunan biki. Sallah za ki yi ƙasaru a hanya, amma a mazhabar Malikiyya in kin yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku sai ki cika. In zazzaɓi ya kama ki a makonnin farko, ki gaya wa likita daga Najeriya kika zo, a gwada na cizon sauro, don ba shi ne zai fara zuwa musu a rai ba.

Daɗin kuma yana zuwa, ta inda ba ki zata ba. Ranar da kika karanta taswirar jirgin ƙasa, kika canja layi biyu, kika sauka daidai ƙofar da kike nema ba tare da kin tambayi kowa ba. Ranar da kika yi ciniki a kasuwar Khan al-Khalili da Larabcin Islamiyya, mai shago ya yi dariya ya rage. Ranar Juma'ar da kika tsaya sahu tsakanin Baturkiya da 'yar Indunusiya, aka yi sallama, ɗaya ta kama hannunki ta tambayi sunan atamfarki. Ki fita da safe ki ga gari, ki dawo kafin dare ya yi nisa.

Ranar komawa ki duba ta a jikin hatimin da aka buga miki ko a bizar, ba a bakin wani ba. A ƙasashen Shengen kwana 90 ne iyaka cikin kowane 180, kuma wuce wa'adi ko da kwana kaɗan yana iya jawo tara ko a hana ki biza gaba. Ki bar kamar kilo biyar na tsaraba, ki auna akwati tun a masauki. Saƙo zai sake taruwa a wancan ɓangaren ma, na kai wa Mama a Jahun, na kai wa Yaya a Tudun Wada. Ki buɗe kowanne a gaban mai shi kafin ya shiga jaka.